Yadda Za Ku Kafa Asusun Taimakon Unguwa A Kano, Ya Wuce Watan Azumi

Duk shekara, daga tsakiyar Sha'aban, sababbin gidauniyoyi ke ɓullowa a Kano. A buɗe zaure a WhatsApp, a zana tambari, a sa lambar asusu, a sayi shinkafa da taliya da sukari, a raba. Kafin babbar salla yawancinsu sun yi tsit. Ba na zargin niyyar kowa, don na san irin yaran da ke wannan ƙoƙari, wasu ma iyayensu mata ɗalibaina ne. Abin da ke kashe aikin shi ne an gina shi a kan rana ɗaya, ranar rabo, alhali babun da ke cikin lungunanmu ta kullum ce.

Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a yankin Ɗorayi, kuma littafin wani ɗan asusu da muka kafa da maƙwabta yana hannuna. Ba mu da ofis, ba mu da mota, ba mu da wani attajiri guda da muka jingina da shi. Tsarin da muke bi zan shimfiɗa a nan, ga duk mai son yin irinsa a unguwarsu.

Ku yanki wuri kaɗan

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da dama, wato abinci da lafiya da ilimi da muhalli. Wannan kuwa tun kafin a cire tallafin mai ne a Mayun 2023, kafin kuɗin mota da na kwanon masara su yi tashin da kowa ya gani. Irin wannan lissafi na gwamnati ne, ku bar mata. Birnin Kano kaɗai ya haɗa ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma ko mazaɓa ɗaya a cikinsu ta fi ƙarfinku. Ku zaɓi wurin da za ku iya zagayewa da ƙafa tsakanin la'asar da magariba. Ku fara da gida goma, in kun yi yawa ashirin.

Ku kuma san irin unguwarku. A cikin ganuwa, irin su Yakasai da Mandawari da Ƙoƙi, mutane da yawa a gidan gado suke. Ba su da tashin hankalin haya, amma akwai cunkoso, ga kuma nauyin suna: an san kakan mutum, don haka ya gwammace ya kwana da yunwa da a ji. A Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Rimin Kebe da Sheka da nan wajenmu, 'yan haya sun fi yawa, wasu dangi na can ƙauye ko wata jiha, kuma kuɗin ɗaki da na ruwan jarka ke cinye abin da aka samo. Na farkon sun fi buƙatar sirri, na biyun sun fi buƙatar wanda zai tsaya musu.

Kafin ku karɓi ko sisi, ku je ku gaida mai unguwa da liman. Ku tafi da dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, ku gaisa yadda ya kamata, ku ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema da albarka, muna son mu ɗan riƙa tallafa wa marayu da masu rauni a lungunan nan." Wannan gaisuwa za ta yi muku rana duk sa'ad da wani ya kai ƙara cewa kuna tara kuɗi da sunan unguwa. Amma kada ku nemi ya ba ku sunaye. Ranar da aka ji daga hannunsa sunaye ke fita, zaurensa ba zai sake hutawa ba, kuma duk wanda bai samu ba shi zai ƙullata. Ku ɗauke masa wannan nauyi. In kun gama tantancewa, ku kai masa ya duba ko akwai wanda ya san ba mazaunin unguwar ba ne.

Neman waɗanda ba sa roƙo

Nan ne rabin aikin, kuma nan ne maza kan rasa hanya, don gidajen da suka fi buƙata an rubuta "ba a shiga" a ƙofarsu. Kwamitin da babu mata a cikinsa, na bakin titi kawai zai gani.

Wanda zai iya zuwa ya kama layi ya faɗi matsalarsa da ƙarfi, galibi ya san wasu ƙofofin ban da taku. Waɗanda muke nema su ne irin waɗanda Allah ya siffanta a Suratul Baƙara, aya ta 273: wanda bai sani ba sai ya zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nacin roƙo. Kano na da su jingim. Matar da ta fita takaba da 'ya'ya biyar, dangin miji sun raba gado sun watse. Dattijon da kamfaninsu na Sharaɗa ko Bompai ya rufe tun da daɗewa, kullum yana fita da wankakkiyar riga ya zauna a majalisa don kada a gane. Matar da miji ya ce ya tafi Legas nema, tun tana samunsa a waya har lambar ta daina shiga.

Su ba za su faɗa ba, amma akwai masu sani. Mai shagon lungu ya san wanda sunansa ya daɗe a littafin bashi har ya daina biyowa ta gaban shagon. Mai injin niƙa ta san gidan da suka sauko daga kwano zuwa gwangwani. Mai kemis ya san wadda aka rubuta wa maganin mako guda ta ce a ba ta na kwana ɗaya. Ɗan ga-ruwa ya san inda da ake sauke jarka huɗu, yanzu ɗaya. Ungozoma ta san wadda ta haihu ba a yi yanka ba. Mu malamai kuma mun san yaron da ya ɗauke ƙafa saboda kuɗin wata. Ku tambayi kowannensu shi kaɗai, cikin hira. Sunan da ya fito daga baki biyu da ba su haɗa magana ba, shi za ku fara rubutawa.

Sai ziyara. Mata biyu su je, ba rigar ƙungiya, ba littafi a hannu, ba ɗaga waya. Su shiga kamar masu zumunci, da hantsi ko bayan azahar. Ido ya fi baki aiki a nan. A dubi murhu, an hura wuta yau ko toka ce ta jiya? Yara suna gida a lokacin makaranta? A ɗaki akwai gurbin da aka ɗauke gado ko kwabar kwanuka? Mace ba ta sayar da kayan ɗakinta sai abu ya kai maƙura.

Kada ku ce, "Me kike buƙata?" Amsar da za ku samu ita ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Ku ce, "Yaya, da wace sana'a kike taɓawa?" In ta faɗa, ku ce, "To me ya tsayar da ita?" Amsar wannan tambaya ta biyu ita za ta nuna muku abin da za ku yi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata za ta ce rashin lafiyar yaro ce ta cinye jarin, wata ta ce bashin da maƙwabta suka ci ba su biya ba, wata ta ce injinta ne ya lalace. Sai kun fito, kun sha kwana, sannan ku rubuta.

Littafin sunayen kada ya wuce hannun mutum uku. A wajen taro da lamba muke magana: gida na huɗu, gida na tara. Sirrin gida ɗaya in ya fita ta bakinku, sauran gidajen sun rufe muku ƙofa ke nan.

Jaka uku

Kuɗin da zai shigo hannunku hukuncinsa ba ɗaya ba ne, don haka kada ku cakuɗa shi.

Akwai zakka. Allah da kansa ya raba ta kashi takwas a Suratut Tauba, aya ta 60. Ba a gina masallaci da ita, ba a haƙa rijiya, ba a sayen likkafani, ba a biya wa 'yan kwamiti kuɗin mota. Wanda aka ba kuwa ta zama mallakinsa, ba za ku ce ya dawo da ita ba. Ɗan kasuwar da ya kawo muku ɗaya bisa arba'in na dukiyarsa da ta kai nisabi ta kuma shekara, ku wakilansa ne kawai, sai ku isar da wuri. Nisabin kuɗi da zinare ake auna shi, kimanin giram 85, shi ya sa yake canjawa. Ku tambayi malamai ko Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa tun 2003, su faɗa muku na bana.

Ga wani abu da ya kamata masu hali su ji: malaman Malikiyya sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Ke nan babu laifi a tattara zakkar mutum ɗaya a ba gida biyu ko uku abin da zai tashe su, maimakon a canjo sababbin 'yan dubu-dubu a raba wa ɗaruruwa a ƙofar gida, kowa ya sayi tuwon dare ɗaya. In mai zakka ya aiko, nakan sa a gaya masa, "Alhaji, a yi haƙuri a ba mu dama mu tara ta a gida uku, in Allah ya yarda baɗi ba za ka sake ganin sunansu ba." Wasu su yarda, wasu su ce sun saba da nasu tsarin. Dukiyarsu ce, ba ma jayayya.

Akwai sadaka, wadda ita ce ƙashin bayan asusun, don tana shiga ko'ina: magani, haya, kayan makaranta, kuɗin mota. Ku gina ta a kan karo-karon wata-wata. A ce mutum hamsin kowa na ba da dubu ɗaya duk ƙarshen wata. Wannan ya fi muku kyautar miliyan guda da za ta zo sau ɗaya, don da shi za ku iya yi wa mutum alkawari ku cika.

Sai bashi marar ruwa, wanda ake warewa daga sadaka da sanin masu bayarwa. Wannan na wadda ta riga ta miƙe ne tana son ƙari. Wadda ba ta da abin ɗorawa a wuta ba a ba ta bashi.

Jari

Duk wanda ya tashi yaƙi da talauci a garin nan, kekunan ɗinki yake fara sayowa. Ku zaga gidajen bayan wata shida ku ga nawa ne ke aiki, nawa aka lulluɓe da zane, nawa aka sayar. Ɗinki sana'a ce mai kyau, amma ba a iya ta a horon mako biyu, kuma lungu ɗaya ba ya ɗaukar tela goma. Ku fara daga abin da hannun mace ya riga ya sani, wanda kuma ta san masu sayensa: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awara, ƙosai, ɗanwake, ɗinkin hula, kitso da lalle, turaren wuta, ƙullin kayan miya, sayar da gawayi.

Ku zauna da ita ku yi lissafi da baki, a hankali. A ce mai awara ce. Nawa kwanon waken suya? Nawa markaɗe? Nawa mai, nawa itace, nawa yaji da leda? In an soya duka nawa ake tashi da shi? Nawa yaran gida ke ci a ciki? Mata da yawa ba su taɓa cire kuɗin itace da na markaɗe ba, sai su ga kuɗi na shigowa kullum amma uwar kuɗin na ƙanƙancewa. In kun lissafa kuka ga babu abin da ke saura, kada ku zuba jari a wurin, ku nemi inda gyaran yake. Sau da yawa gyaran a wajen saye yake: tana sayen wake kwano-kwano a shagon lungu, alhali in mata huɗu suka haɗa kuɗi aka saro musu buhu a Dawanau, ribar ta fito. Haka kayan masarufi a Singa, yadi a Kantin Kwari, robobi da gwanjo a Ƙofar Wambai, kayan miya a 'Yankaba. Cikin 'yan kwamitinku a samu wanda ya san kasuwa, ya raka su sarin farko, ya haɗa su da mutumin kirki da za su riƙa komawa wurinsa.

Mai son firiza don ƙanƙara da zoɓo, ku fara tambayar awa nawa ake samun wuta a layinsu.

In jarin daga sadaka ne, ku ba da rabi, bayan mako biyu ko uku ku koma ku ga yadda ya juya, sannan ku cika. In zakka ce, ku damƙa mata duka ta zama tata, sai ku bi da shawara da rakiya.

Abin da na fi so ku riƙe a duk rubutun nan shi ne wannan: jari ba ya rayuwa a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Uwar da 'ya'yanta ke kukan yunwa, ga kuɗin sari a ƙullin zanenta, za ta kwance ta auno gari, kuma ko ni ce haka zan yi. Saboda haka duk jarin da za ku bayar, ku haɗa shi da abincin wata guda: masara ko gero, wake, ɗan mai. Cikin wannan watan ne ribar za ta samu ta juya sau uku sau huɗu ba a taɓa ta ba. In kuɗinku bai kai ku haɗa biyun ba, ku rage yawan gidajen.

Sai batun maigida, in yana nan. Maza biyu daga cikinku su same shi a waje, da girmamawa, su ce, "Malam, an ɗan ba maiɗakinka abin sana'a, amana ce ta jama'a, za a riƙa zuwa ana dubawa." Ba cin fuska ba ne. Kun nemi yardarsa, kun kuma ba matar abin faɗa ranar da ya ce ta ranta masa: "Ai ba nawa ba ne, na asusu ne." Wannan kalma ta tsare jari da yawa, har daga 'yan uwa da masu zuwa neman gudummawar biki.

Ku tambayi wa zai sayar. In amsar ita ce yarinya 'yar shekara tara za ta ɗauki faranti ta nufi tasha har bayan isha'i, to kun toshe wata ɓaraka kun buɗe wadda ta fi ta. Mun fi son sana'ar da mai saye zai biyo gida, ko a kai wa mai shago ya sayar a raba riba. In tallar ta zama dole, ta kasance bayan an taso makaranta, a cikin lungu, a dawo kafin magariba. Wannan sharaɗi muna faɗarsa tun ranar farko.

Samari kuwa, tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 hankalin kowa ya koma kan adaidaita sahu, amma kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin asusu, kada ku ma fara. Koyon sana'a ya fi: gyaran waya a Farm Centre, walda, kafinta, haɗa wutar sola, gyaran injin ɗinki. Samun ogan da zai karɓi yaro ba shi da wuya. Abin da ke sa yaro ya gudu shi ne watannin farko, lokacin da ba a ba shi komai, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga yunwar rana. Ku ɗauki nauyin waɗannan biyun, mako-mako, ta hannun mahaifiyarsa. Kayan aiki sai ranar yaye, bayan ogan ya shaida hannunsa ya faɗa.

Da zarar mata biyar ko shida sun fara juyawa, ku haɗa su adashen mako, su zaɓi uwar adashe a cikinsu. Ranar zubi ita ce ranar da za ku riƙa leƙawa. Wadda ta kasa zubi sau biyu a jere, akwai abin da ya faru a gidanta, ku bincika tun jarin bai tafi ba.

Ciwo da haya

In kuka bi sawun jarin da ya karye, yawanci a asibiti za ku tsince shi. Haihuwar da sai an yi aiki, yaro mai sikila, zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da gida guda a tsakiyar damina, hawan jinin tsohuwa. Dare ɗaya ya isa ya share ƙoƙarin wata shida. Mu kashi ɗaya cikin uku na sadaka muke ajiyewa don wannan kaɗai, kuma mutum biyu na iya fitar da shi ko da ƙarfe biyun dare ne, su yi bayani daga baya.

Kada ku miƙa kuɗin magani a hannu. Ɗayanku ya je ya biya a wajen biya ko a kemis, ya karɓo rasit. Ku sami wanda ya san kan Asibitin Murtala da na yara na Hasiya Bayero da na Malam Aminu Kano: ina ake yankar kati, ina ake neman jini, ina sashen da ke duba marasa galihu. Talaka kan yi asarar yini guda saboda bai san ƙofar da zai shiga ba. Ku kuma je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ku tambayi yadda ake yi wa masu rauni rajista. Masu ciki ku matsa musu su je awo, kuɗin motar awo bai kai ko kusa da kuɗin aikin gaggawa ba.

Haya kuma, ku sami mai gidan da kanku, da dattijo a gaba. Masu gida da yawa in suka ga jama'a sun shigo maganar sukan yarda a biya kashi-kashi, wani ma ya yafe wani abu. Ku biya shi hannu da hannu, ku kuma gaya wa ɗan hayar cewa sau ɗaya asusu ke yin wannan.

Ranar rabo

Za ku yi rabon abinci, musamman da azumi da salla, babu laifi. Amma kada ku tara mutane. A Maris na 2024 an rasa rayuka a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi, a Disambar shekarar kuma aka sake rasa wasu a Ibadan da Abuja da Okija, duk a wajen rabon kayan taimako, kuma mata da yara ne suka fi yawa a ciki. Sanarwa ɗaya a Facebook ta isa ta tara muku jama'ar da ba za ku iya tsayarwa ba.

Hanya biyu muke bi. Ko dai a ɗora kaya a baro bayan isha'i, yaron da aka yarda da shi ya kai gida-gida, ya yi sallama ya ce an aiko, ya juya. Ko kuma a biya mai shagon unguwa, a ba kowane gida 'yar takarda mai lamba, su je su karɓa lokacin da suka ga dama kamar kowane mai saye. Ta biyun ta fi rufin asiri, ga shi kuɗin ya zauna a unguwa. Zakkar fid da kai kuma ku tattara ta ku kai kwana ɗaya ko biyu kafin salla, don a samu a kai niƙa.

Hoto: na san masu bayarwa na son shaida. Ku ɗauki hoton buhunan da rasit ɗin. Fuskar bazawara riƙe da ledar taliya ba ta da wurin zama a wayar kowa. 'Ya'yanta na zuwa makaranta da 'ya'yan masu kallon hoton.

Littafi

Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da limami ne. Ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu, mai riƙe littafi kuma daban da masu sa hannun. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, jaka-jaka, a tura wa duk mai karo-karo, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Watan da kuka ji nauyin karantawa saboda kuɗin kaɗan ne, daga shi zargi ke farawa. Kuɗin mota da katin waya na masu zirga-zirga ku yanka musu abu sananne daga sadaka, a rubuta. Aikin sa kai da ake barin mutum ya riƙa ci da aljihunsa ba ya daɗewa.

Rajista ba sai ranar farko ba. Ku fara da takardar ƙaramar hukuma. In aiki ya girma har kuna son karɓar kuɗi daga wajen unguwa, sai ku je CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku yi rajistar amintattu: za a nemi tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattun, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC.

In zaɓe ya matso za ku yi baƙi. Wanda ya kawo don Allah ku karɓa ku rubuta kamar na kowa. Wanda ya ce a sa hotonsa a buhu, ko a ba shi sunaye da lambobin wayar waɗanda kuke taimako, ku ba shi haƙuri. Unguwa ɗaya ce amma jam'iyya ba ɗaya ba, kuma bayan zaɓe ku za ku zauna da mutanen.

Saura bashin da ya maƙale, don dole za a samu. Ku je ku gani da ido kafin ku yanke hukunci. Wadda ke da halin biya ta ƙi, a tuna mata sau biyu a gaban uwar adashe, in ta ƙi a rufe mata ƙofar bashi, ba kai ƙara, ba tozartawa. Wadda ciwo ko gobara ko mutuwa ta karya, Suratul Baƙara aya ta 280 ta riga ta faɗi abin yi: a jinkirta mata har ta samu sauƙi, in an yafe ya fi. In kun yafe, ku cike gurbin daga jakar sadaka, ku rubuta ranar da dalilin. Kada ku lissafa shi a matsayin zakka, don malamanmu ba su yarda a mai da bashin da ya maƙale zakka ba. Sannan ku mayar da sunanta shafin farko, na masu buƙatar abinci da magani, har ta sake miƙewa.